Yajin Aikin Da Na Haɗa A Gona Ta Sha Bakwai

Ba zan taɓa mantawa da Talatar nan ba, ko na so in manta ma 'yan gidanmu ba za su bari ba. Amma tunda labarin ya zagaye Wurno ya dawo mini da ƙari, bari in gyara abin da kowa ke faɗa ba daidai ba. Masu cewa da gangan na je gonar don in leƙa saurayina, ƙarya suke yi. Masu cewa na mari dattijo kuwa, ni da su sai gaban Allah. Ban mari kowa ba. Abin da na yi ya fi mari muni, sai dai ina so a faɗe shi yadda ya faru.

Shekara biyu da gama sakandare ina zaune gida, ba karatu ba aiki, sai musu da duk wanda ya shigo. Ana nan sai aka ce wata malamar jami'a tana neman 'yan mata da samari masu iya karatu da rubutu, za su taya ta yi wa manoma tambayoyi. Ban tsaya jin ƙarshen sanarwar ba na saka hijabi. (Ku lura da wannan hali nawa na rashin jin ƙarshen magana, za mu sake haɗuwa da shi.)

Sunanta Dakta Rabi, masaniyar tattalin arziki. Tun kafin a haife ni aikinta guda ne: bin diddigin ladan aiki. Nawa ake ba mai noma, nawa ake ba mai dashe, me ya sa lada ke hawa idan samari suka tafi ci-rani, me ya sa na mata ba ya kamo na maza alhali rana guda ce ke dukansu. Ta ce mana da 'yan dako ta fara a kasuwar hatsi, tana budurwa da littafi da biro, daga nan ta koma kan leburorin gini, yanzu ga furfura ta fito mata tana bin masu albasa a fadamun Goronyo da Rabah. Matar nan ko tayar motarmu ce ta yi faci, kafin mai facin ya gama ta san wa ya koya masa, shekara nawa ya yi ba a biyansa, da wanda ke yanke masa farashi. Matsalarta ɗaya: Hausarta ta Zariya ce. In ta yi tambaya sai tsofaffi su juyo su ce, "Mi tac ce?" Shi ya sa ta ɗauke mu.

Mako guda ta yi tana koya mana aikin. Kowace gona lamba aka ba ta, ba a rubuta sunan mai ita, don kada mutane su ji tsoron faɗin gaskiya. Ka yi sallama, ka gaisa, ka nemi izini, ka yi tambaya yadda take a takarda, ka rubuta abin da aka ce. Ta kuma ba mu labarin 'yan kwangilar da ke tara ma'aikata su karɓi ladan kowa su ba su abin da suka ga dama, har sai da na ji jinina na tafasa. Rana ta ƙarshe ta cire gilashi ta ce, "Abu guda kada ku manta. Ku ba alƙalai ba ne, ku kunnuwa ne."

Ni take kallo lokacin da ta faɗa. Na ɗauka don na fi kowa ƙoƙari ne.

Yanzu sai in gaya muku zancen Nasiru, don in babu shi babu labarin. Nasiru mai gyaran injin ban-ruwa ne, shagonsa na Wurno amma asalinsa mutumin Dinawa ne. Mutum ne mai sanyi, in ina magana sai ya yi ta murmushi yana goge hannu da tsumma har in gaji. Ina son sa, ba na ɓoyewa. To mahaifina ya rasu ina ƙarama, don haka maganar aurena tana hannun wansa, Baffa Sahabi, can Taloka. Rabona da Baffa tun ina shekara bakwai, abin da na tuna da shi baƙin gemu ne da alewar da ya ba ni. Iyayen Nasiru sun je gaisuwa sau biyu, Baffa ya ce a bari ya ga hankalin yaro. Wata huɗu ke nan yana ganin hankalin yaro. In ya ce a'a, shi ke nan, ba wanda zai ɗaura.

Akwai kuma wata magana da na taɓa yi, wadda gara in faɗa da bakina. Wata rana Nasiru yake ba ni labari cewa a ƙauyensu, tun zamanin kakanni, mai neman aure yakan tara abokansa su je su yi wa surukinsa aikin gona kyauta, gayya ke nan. Na kwashe da dariya na ce, "A wanga zamani? Ni tunkiya ta da za a saye ni da noma? Ranar da kay yi haka ka nemi wata." Ya yi murmushi ya ci gaba da goge hannunsa. Ni kuma na manta da zancen tas, kamar ba bakina ya yi ba.

Ranar Talatar, ina ɗaura jaka na ce wa Inna yau Taloka za mu. Ludayin da ke hannunta ya faɗi.

"Taloka? Yau?"

"Yau, Inna."

"Ba ku iya bari sai jibi?"

"Inna, aikin jami'a na, ba yawon biki ba."

Ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, motar Dakta ta yi oda a ƙofar gida, na fice ina cewa in mun gama da wuri zan nemi gidan Baffa in gaishe shi. (Na biyu ke nan. Ku ci gaba da ƙirgawa.)

Lokacin cirar albasa ne, zafi tun da hantsi kamar an buɗe murhu. Dakta ta sauke ni a bakin gona mai lamba sha bakwai, ta ce ita za ta wuce ta sha shida, nan da awa guda za ta dawo ta ɗauke ni. Na gyara hular aikin da aka ba mu a kan hijabi, na rungume takarduna, na shiga ina taku kamar wadda gwamna ya aiko.

Maza goma sha huɗu na tarar, majiya ƙarfi, suna haƙa suna waƙa, wani na bayarwa saura na amsawa. Da ma a ce ina da hankali, a nan zan tsaya in tambayi kaina: tun da muka fara aikin nan, a wace gona na taɓa ganin 'yan ƙwadago suna waƙa da rana tsaka haka? Ban tambaya ba. Ina matsowa na hango wani can ƙarshen gona ya yar da fartanya ya ruga a sunkuye, ya ɓace bayan tarin buhunan da ba a cika ba a gindin wata bishiyar bedi. Na ce a raina ciki ne ya murɗa masa.

Waƙa ta tsaya. Suka dube ni, suka dubi juna, suka dubi tarin buhu. Wani ya toshe baki da hula. Ni kuwa na ce Allah sarki, tsoro ne, an saba danne su.

Wani dogo siriri mai wushirya ya matso yana goge zufa, ya rusuna har ƙasa, irin rusunawar da ba a taɓa yi mini ba. Dogo ma suke kiransa.

"Maraba da Malama. Lale lale. Yau gonag ga ta yi albarka."

Na gaisa a gaggauce, na ce daga jami'a aka aiko ni, tambayoyi ne a kan lada, ba za a rubuta sunan kowa ba. Na ja shi inuwar bedin nan, na ɗora takarduna a kan tarin buhunan don su zame mini tebur.

"Nawa ake biyanka a wuni?"

"Ai Malama, wanga aiki namu, in gaya miki yadda shike..."

"Ba tarihi nit tambaye ka ba. Nawa?"

Ya dubi abokansa. "Ko sisi."

"Tau da kwando ake biya? Ko da albasa?"

"Ko ɗaya."

"Kwana nawa kuna yi?"

"Yau na biyu. Gobe mu ƙare, in Allah ya so."

"Daga ina kunka zo?"

"Daga nesa, Malama. Kowa da man mashin nai."

Na kira na biyu, ko sisi. Na uku, ko sisi. Na huɗu ma dariya ta hana shi magana, kai kawai ya girgiza, hawaye na zubo masa, na ce wannan har kuka yake yi. Na rubuta sifili sau huɗu. Na koma kan Dogo.

"Kana nufin duk cikinku babu mai samun komai?"

"A'a, akwai mutum guda. Shi at tara mu. In abin ya tabbata shi ka samu, mu sai dai mu taya shi murna. Don ke gane, al'adar ita ta..."

"Ya isa!"

(Na uku. Da na bar shi ya ƙarasa kalma biyu, da yanzu ina da mutunci a ƙananan hukumomi uku.)

Ai na riga na gane komai. Ɗan kwangila! Irin wanda Dakta ta ba mu labari, ga shi Allah ya kawo mini shi a ranata ta tara da fara aiki. Nan take na ga Dakta tana ambaton sunana a gaban manyan malamai, na ga ana hira da ni a rediyo. Kunnen da aka ce in zama ya tashi daga aiki, alƙali ya hau kujera.

Na ce su taru duka. Suka taru da saurin da ya kamata ya ba ni tsoro. Na fara jawabi. Na ce gumin ɗan Adam ba ruwan rijiya ba ne. Na ce a gonakin da muka zaga ko mai yanke ganye ana sallamarta kafin la'asar. Na ce wanda ya tara su ɗin nan macuci ne, maras kunya, kuma matsoraci, tunda ga shi bai iya tsayawa a gabana ba. Kuma duk lokacin da na ce "zalunci" sai in ɗaga hannu in daki tarin buhunan nan da iyakar ƙarfina. Na lura tarin yana da ɗan tauri ta wani gefe, har hannuna ya yi zafi, amma mai jawabi ba ta kula da ƙananan abubuwa.

"Ina shike, shi wanga mutum?"

"Shina kusa, Malama," in ji Dogo. "Shina jin ki sarai."

"Madalla! Shi ji! Wallahi matar da za ta auri irin wanga ta shiga uku!"

Mutum biyu suka faɗi ƙasa. Ɗaya ya rungume bedi. Ni kuma na ce jawabina ne ya ratsa su.

Sai na yanke hukunci: kowa ya ajiye fartanya, babu mai sake taɓa albasa sai mai gona ya zo ya faɗi ladan kowa a gabana. Dogo ya dafe ƙirji.

"Malama, ke da bakinki kika ce mu zauna?"

"Ni nic ce."

"Jama'a kun shaida? Ita da kanta?"

"Mun shaida!"

"Tau wa mu ka bi in ba ita ba?"

Suka baje a inuwa, wasu suka miƙe ƙafa, wani ya ciro goro ya raba har da ni. Albasa na kwance a rana, ni ina tsaye na riƙe ƙugu, ban taɓa jin daɗin kaina irin na wannan rabin awar ba. Har hoto na so a ɗauke ni.

Can sai ga ƙarar mashin. Wani dattijo ne mai farin gemu da malfa, ya ɗaure wata ƙatuwar kula a baya, ga ƙullin ƙwarya a gaba. Kafin ya kashe mashin mazan nan sun miƙe zumbur, kowa ya cire hula ya durƙusa. Ni ban durƙusa ba. Ya dubi albasar da ke zube, ya dubi fartanyu a jere, ya dubi rana.

"Lahiya? Wa am mutu?"

Na taka gabansa.

"Kai am mai gona?"

Ya dube ni daga hula har takalmi. "Ni na. Ke hwa?"

"Ni nit tsai da su. Baba, da girmanka da furfurarka, ka tara bayin Allah kwana biyu cikin rana ba ko sisi? Fura kak kawo? Fura za su kai ma iyalinsu? Ba ka tsoron ranar da za a tambaye ka?"

Na faɗi abubuwa da yawa bayan wannan. Ba zan maimaita su duka ba, don Inna na iya sa a karanta mata. Na dai tuna na ambaci kabari sau biyu. Dattijon bai katse ni ba, ya jingina da mashin ya harɗe hannu har na ƙare. Sannan ya ce a hankali:

"Ke ɗiyar wa ta?"

Na ɗaga kai. Ai wannan tambayar nake jira. "Ɗiyar marigayi Buhari tela ta, na Wurno. Kuma ubana har ya koma ga Allah bai taɓa cin gumin kowa ba."

Dattijo ya cire malfa, ya matso, ya leƙa fuskata ta ƙarƙashin hular aikin.

"Buhari na Hajo?"

Hajo sunan kakata ne. Sai lokacin na gane Baffa Sahabi ne, baƙin gemun ne ya koma fari.

"Inna lillahi," in ji shi. "Ga hancin nan. Ga bakin nan kuma, ba a rage komi ba." Ya juya ya nuna mazan da hannu. "Ke san mi waɗanga ka yi nan? Gayya ta. Gayyar neman aure. Kina tambayar ladansu? Tau ladan nasu ke ta."

Daidai nan tarin buhu ya yi atishawa.

Jama'a, na ga buhu ya motsa, na ga hannu ya fito, na ga Nasiru ya tashi zaune, fari fat da ƙurar buhu, ɓawon albasa a gashinsa, yana dafe da ƙeya inda na yi ta sauke zalunci. Bai dube ni ba, bai dubi Baffa ba, ƙasa kawai yake kallo. Ashe ni ya hango ya ɓuya, saboda maganar tunkiyar nan. Ashe shi da Inna suka ƙulla a yi a gama ban sani ba. Ashe Dogo da sauran duk sun san fuskata a wayarsa.

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Ƙasar fadama ce ma, mai laushi, amma ta ƙi. Na durƙusa, durƙuson da ya kamata in yi tun minti goma da suka wuce, na ja hijabi na rufe fuska, na ce, "Baffa, ina kwana."

Da rana tsaka. Ina kwana.

Dogo ya kwanta a cikin albasa yana shure-shure.

Ana cikin haka motar Dakta ta tsaya. Ta shigo da sauri ganin taro, tana tambayar ko wani ya ji ciwo. Dogo ya tashi ya ba ta labari tun daga sallama, har da kwaikwayon muryata da yadda nake dukan buhu. Ina jira ta kore ni a wurin. Sai na ji ta ce, da wata irin murya kamar yarinyar da aka ba kyautar sallah:

"Gayya? Ta gaske? Yanzu haka?"

Ta manta da ni gaba ɗaya. Ta durƙusa ta gaida Baffa, ta nemi izini, ta zauna a kan buhu ta buɗe littafinta. Ta ce shekara da shekaru tana jin labarin gayyar surukai a bakin tsofaffi, duk inda ta je sai a ce ai an daina, yanzu kowa kuɗi yake so, ba ta taɓa riskar ana yi ba sai yau. Tambaya take yi kamar ruwan sama. Wa ke ciyarwa? In Dogo ya tashi nasa auren, Nasiru zai rama masa? In mutum ya ƙi zuwa, me ke faruwa da shi? Su kuma suna ba ta amsa dalla-dalla, don ita tana barin mutum ya kai ƙarshen maganarsa.

Sai ta zo inda ta ƙarasa ni. Ta ce, "Wato maza goma sha huɗu, kwana uku. In da haya aka ɗauke su, da yanzu..." ta fara taɓa biro a leɓe.

"Dakta, don Allah," na ce daga cikin hijabi.

"Yi lissahi, Hajiya," in ji Dogo. "Mu ma muna son mu san ko an cuce mu. Mun ga kayan yanzu."

Kowa ya yi dariya, ban da mutum uku: ni, Nasiru, da Baffa. Da na leƙa ta gefen hijabi na ga fuskar Baffa, sai dariyar kowa ta daina damuna, wani tsoro na daban ya shigo. Ya tsaya yana kallon albasar da ta sha rana. Ya ce yau ya yi niyyar ba iyayen yaro amsa, da yamma. Ya zo ya iske aiki tsaye, shugaban gayya a ƙarƙashin buhu.

"Wanda mace guda ta kora cikin buhu," in ji shi, "shi za ni ba ɗiyar ƙanena?"

Nasiru ba zai kare kansa ba, ko za a yanka shi, ba a yi wa suruki musu. Na ga wata huɗun nan na jira suna shirin zama har abada, kuma da hannuna. Bakin da ya jawo abin shi kaɗai ya rage mini, sai na buɗe fuska.

Na ce, "Baffa, laihina na. Ni nic ce mai in ya yi gayya ba ni aurensa, shi ya sa ya ɓoye. Ya zo ya yi maka don girmanka, ya ɓuya don kada raina shi ɓaci. Waɗanga kuma sau biyu suna son gaya mini gaskiya ina katse su. In akwai wanda bai da hankali a gonag ga, ba shi na ba."

Ban taɓa ba da haƙuri mai tsawon wannan ba a rayuwata. Har wani jiri na ji.

Baffa ya daɗe yana shafa gemu. Ya dubi Nasiru.

"Kai, sau nawa ta dake ka?"

Nasiru ya ƙara sunkuyar da kai. Dogo ya ce, "Bakwai, Baba. Ni niƙ ƙirga. Na biyar ɗin da gwiwar hannu."

"Bai yi ko tari ba?"

"Ko motsi."

Gemun Baffa ya fara rawa. Ya juya mana baya, kafaɗunsa na girgiza, ya daɗe a haka yana yi kamar yana gyara igiyar kula. Da ya juyo idanunsa sun yi ja.

"Buhari ya taɓa tsai da liman tsakiyar wa'azi don ya gyara mai lissahin gado," in ji shi. "Na ɗauka an binne bakin nan tare da shi." Ya goge ido. "Tau. Hankalin yaro na gani. Wanda anka daka sau bakwai, anka ce mai macuci, bai tashi ba don kada shi kunyata ki, shina iya zama da ke. Shi ya gama. Yanzu hankalin yarinya nika son gani."

Ya buɗe kula ya ce a sha fura a koma aiki. Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

A mota na yi shiru tun daga Taloka har mun kusa gida, abin da direba ya ce bai taɓa gani ba. Dakta ce ta fara magana. Ta ce takardun nan huɗu da na cika ba za su yi amfani ba, kuma in na sake tsayar da aikin gonar wani, ranar ce ta ƙarshe. Na ce na ji. Ta ƙara da cewa laifin ba nawa ba ne ni kaɗai: shekara nawa tana rubuta tambayoyi, ba ta taɓa sa wadda ke cewa "don me kake wannan aikin?" ba, kullum "nawa" take tambaya. Ta ce daga gobe ita ce tambaya ta farko. Har na fara kumbura ina shirin cewa ashe dai na yi amfani, ta ɗaga mini yatsa. Na haɗiye.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne, kuma kowace yarinya 'yar shekara biyar ta san shi: in mutum ya ce "bari in gaya miki", a bari ya gaya miki. Sai kuma wannan: kafin ki daki buhu, ki duba ko yana numfashi.

Inna ta yi kwana biyu ba ta iya kallona ba tare da ta fashe da dariya ba. A rana ta uku ta ce mini Baffa na da wata gonar albasar a gefen gulbi, ranar Asabar za a cire, kuma matan gidansa ne ke zama su yanke ganye. Ba ta ce in je ba. Ta dai ajiye wata ƙaramar wuƙa a kan tabarmata ta fita.

To na yanke shawara. Na roƙi Dakta hutun kwana uku ta ba ni. Asabar da sassafe zan hau motar Goronyo da wuƙata, ba hula ba takarda, in zauna cikin matan Baffa in yanke ganyen albasa har a gama, in rama rabin awar da na ɓata. Na yi wa kaina alkawarin ba zan yi wa kowa gyara ba, ko da na ga ana yanka ba daidai ba. (Inna ta ce kwana uku ya yi yawa, in fara gwada awa guda.) Nasiru ya aiko a gaya mini in tafi da man shafawa don albasa na cin hannu, kuma wai kumburin ƙeyarsa ya sace.

Dakta ta ce za ta zo da kanta ta yi mini tambayoyin, don ba ta taɓa samun mace mai yin gayyar aurenta ba. Na ce ta zo. Zan bar ta ta kai ƙarshen kowace tambaya. In ta iso kan ta lada kuma, amsata a shirye take: ba kuɗi, ba kwando, mutum guda ne mai gyaran inji, in Baffa ya sa hannu.